Ƙullin Kawu Nomau

Da hantsi na tarar da tarkon, gabas da rijiyar Gadabeji:
wayar birkin babur, an murɗa ta sau uku,
an lanƙwasa bakinta kamar kunnen tulu.
Ban tambayi kowa ba. Na san hannun.
Da wannan ƙulli ya koya mini ɗaure akuya
shekarar da aka yi mini kaciya.

Barewar ta riga ta sanƙare,
nono na tsattsafowa, ƙudaje na biki.
Can cikin sabara wani abu ƙarami yana kira.

Kakin hukuma a jikina, littafi a aljihu.
Me zan rubuta?
Cewa ruwa ya ɗauke ranar da gero ya yi ciki?
Tiya ta haura jika a kasuwar Dakoro,
rumbun Kawu ko ɓera ya yi masa ƙaura.
Mai balangu a birni ba ya tambayar sunan nama,
kuma akwai mai son ɗan barewa da ransa
ya riƙa zagaya tsakar gida, baƙi su yaba.

Mu shida ne ga dajin da raƙumi ba ya ƙurewa a wuni.
Babur ɗaya. Mai, sai ƙarshen wata.

Watan jiya motoci biyu suka shigo da tsakar dare,
fitilu kamar rana ta faɗo ƙasa.
Harbi goma sha ɗaya na ƙirga.
Da na kai rahoto, babbanmu ya dubi rufin ofis:
"Ba ka ga lamba ba, ko?"
Na ce ban gani ba.
Na gani.

Da la'asar na iske Kawu yana gyaran kalme.
Na ajiye wayar a tabarma, tsakaninmu.
Ya ce, "Kafin a kafa turakun iyaka
kakanka ne sarkin baka a nan.
Yau jikansa ke gadin nama, yara na kwana da ruwan zafi."
Na ce, "Kawu, tana da ɗa."
Kalmen ya tsaya a hannunsa.
"Baka yana zaɓe," in ji shi, "waya ba ta da ido."

Almuru ta same mu cikin sabara, ni da shi,
yana gaba, yana karanta sawu,
ina baya da gorar madara.
Littafin yana aljihu. Har yanzu fari ne.