Jan Biro a Fagge

A bayan injin ɗab'i nake zama, can lungun Fagge,
kan kujerar roba mai ƙafa uku da rabi,
jan biro a kunne, shayi ya huce tun hantsi.
Sana'ata farautar harafi.

Gwadabe na Ƙofar Ruwa ya shigo yana share gumi.
Shekara ashirin yana sayar da rodi,
bai taɓa cin kwabon kowa ba.
Ya ajiye katin shago: Gwadabe Steal.
Na ce, Alhaji, harafi ɗaya zai kai ka Kurmawa.
Ƙarfe steel ne. Wannan da ka sa, sata ce.
Ya riƙe baki. Ya ce dubu biyu aka buga.
Na ce to, sau dubu biyu ka yi wa kanka shaidar zur.

Tasallah tela ta so rubuta ƙugu a littafin awo,
waist ya kuɓuce mata, waste ya zauna,
ƙugun matan unguwa kaf ya koma shara.
Mun yi dariya har injin ya tsaya,
ko da yake wuta aka ɗauke.

Their da there kuwa tagwaye ne masu riga iri ɗaya,
sai uwarsu ke bambance su,
ita ma sai da rana.
Ga its da it's,
ɗan ɗigon nan na sama kamar ƙuda a bakin kwano,
ka kore shi nan, ya sauka can.

Kar dai Turanci ya kwashe laifin duka.
Katin walima ya zo jiya, da harshen uwarmu:
muna maraba da baki.
Lanƙwasar ƙ ta faɗi a hanya.
Na ɗaga biro, na tuna yadda ake wawar shinkafa,
na kusa barin shi haka.

Malam Ilu ne ya ba ni biron farko.
Yakan ce waƙafi numfashi ne, yaro,
ka bar mai karatu ya haɗiyi yawu.
Aya kuwa rufe ƙofa ce,
kar ka rufe sai kowa ya shigo.
Yakan karanta shafi daga ƙasa zuwa sama
don kar ma'ana ta yi masa wayo.

Ranar Talata aka kawo sanarwar rasuwarsa,
layi huɗu, Turancin jikansa.
We loose a father, in ji takardar.
Na soke o ɗaya, hannuna na rawa:
rashi muka yi, ba kwancewa ba.
Ko da yake, Malam,
tun ranar komai ya kwance mini.

A ƙarshen layin babu aya.
Mai injin ya leƙo, ya ce, ka gama?
Na ce buga,