Takardar Tsire

A Asawasi, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke,
Jatau ya naɗe mini tsiren sidi goma
a shafin da aka yago daga wani tsohon littafi.
Naman na ci a tsaye. Takardar na kai gida.

Turanci ne, ƙananan baƙaƙe,
kamar kiyashi a bakin gwangwanin madara.
Labarin wani gida a Sukotlan, inda rana ke rowa,
gidan Kilbarno, masu sarautar gado.
Na fari ya tare gada da mutum arba'in,
sarki ya ba shi tudu da suna.
Na biyu ya gina soro.
Na uku ya jinginar da soron.
Na huɗu ya bi bayan wanda bai ci yaƙi ba,
aka karɓe sarautar, aka haɗa da kai.
Shekara sittin ba mai kwana a gidan sai tumaki.
Daga baya aka yafe wa jika,
ya dawo ya tarar da rufi a ƙasa,
ya ce ba komai, tun da sunan na nan.

Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida.
Ashe ko'ina tuwon ɗaya ne, miyar ce ta bambanta.

Mu ma muna da lissafi, ba a takarda ba.
Barau ya koro shanu daga arewa,
ya iso Kumasi da sanda da ƙafa a kumbure,
mahauta suka ce kai ne Sarkin Fawarmu.
Barau ya bar wa Inuwa,
Inuwa ya bar wa ƙanensa mai ido ɗaya,
shi kuma ya bar wa Shekarau, ubana,
da wuƙa mai ƙotar ƙaho, wadda wasawa ta cinye
har ta koma siririya kamar jinjirin wata.

Ni na riƙe masa littafin bashi shekara sha tara.
Na san wa ke biya ran Juma'a,
na san wa ke sauya hanya in ya hango rumfarmu.
Ina duban sa daga nesa in faɗi nauyinsa,
in na kuskure, da kilo biyu ne.
Ranar bakwai dattawa suka zauna a zaure,
na aika musu da koko da ƙosai.
Da suka tashi, wuƙar na hannun ɗan ƙanen baba,
wanda ke toshe hanci in ya ratsa mayanka.

Maƙwabciyata Ajuwa ta leƙo ta katanga:
"Tasalla, mu Tonawa ciki muke bi.
Da a wajenmu ne, ta tsatsonki kujera za ta bi."
Na ce, ke ma dai hanya aka mai da ke,
kujerar ta ratsa ta kanki, ba ta zauna ba.
Ta yi shiru, ta ci gaba da dakan sakwara.

Na koma kan takardar.
Na tara ya rasu bai bar ɗa namiji ba,
sai 'ya ɗaya, wadda ta kai ƙara gaban manya,
tana cewa takardar farko ba ta ce namiji ba,
magaji kawai ta ce.
Aka yi shekara bakwai ana shari'a,
har aka yanke cewa sarautar ta

Nan man tsire ya zauna.
Na ɗaga ta gaban fitila, na juya,
mai da yaji sun shanye sunan.

Da safe na koma wurin Jatau,
na ce ina shafin da ke bin wannan?
Ya sosa ƙeya, ya dubi titi.
Ya ce, "Hajiya, wani direban Tamale
ya tafi da shi tun daren jiya,
da ƙoda a ciki."