Kalmar da Baba Labbo Ya Hana Ni

Bazara ce a Sakkwato, an ɗauke wuta tun la'asar.
Mun baje tabarma a tsakar gida, Gidan Igwai ta yi lamo.
Ni da fitilar waya da littafi mai layi-layi,
shi da buta da carbi da diddige mai faso.
Baba Labbo: shekara arba'in yana ginar rijiya
daga Dundaye har Kware, kafin gwiwa ta ce ya isa.

Na ce, Baba, labarin tsoro na rubuta, saurara:
"Akwai wani tsohon gida a bakin gulbi."
Ya ce, "Tsohon gida? Ai wanga namu ma tsoho na.
Ce kango.
Tsohon gida shina da hayaƙi da kukan jinjiri,
kango sai gara, sai murhun da ya manta wuta."
Na soke, na sa kango. Takarda ta ƙara nauyi.

"Dare ya raba, gari ya yi shiru."
Ya kaɗa kai. "Shiru na masu barci na.
Ce tsit.
Tsit shi na sa'adda kwaɗi sunka yanke kuka lokaci guda
ba tare da kowa ya tsawata musu ba."

"Ta buɗe ƙofa."
"A'a. Cire hannunta. Ƙyaure ya saki kansa."
"Ta ji tafiya a bayanta."
"Mai tafiya shina da wurin zuwa, yaro.
Mai sanɗa, kai na wurin zuwansa."

Iska ko ɗis babu, amma gashin hannuna ya miƙe.
Jemage ya gilma ta kan dalbejiya.
Na ci gaba, murya ta fara siririya:
"Ta leƙa rijiya mai zurfi, ruwanta baƙi ƙirin."

Carbi ya tsaya a yatsunsa.
"Ruwa bai baƙi. Kwance shike, ya ƙura ma sama ido,
idon da bai taɓa ƙiftawa ba.
Rubuta hakanan."

Na rubuta hakanan.
"Sai ga aljani ya fito..."
"Kul!" Har buta ta tuntsure.
"In ka raɗa mai suna ka ɗaure shi ga turke awa akuya,
kowa ya san addu'ar da za shi karanta.
Bar shi ba suna. Bar wurin fari.
Mai karatu shi ka zuwa da nashi daga gida."

Na ce, Baba, kai me ka taɓa gani a ƙasa?
Ya daɗe yana tattara ruwan da ya zube da gefen ƙafa.
"Wata rana, gaba goma sha biyu, kusa ga Kwalkwalawa,
igiya ta motsa a kwankwasona.
Ba daga sama anka ja ta ba."
Sannan?
"Sannan na ce a fid da ni."
Me ne ne?
Ya juya wa bango fuska, ya ja mayafi cikin wannan zafi.

Ƙarfe ɗaya aka kawo wuta, fanka ta hau gurnani,
yaran maƙwabta suka yi ihunsu na kullum.
Na duba shafin a haske: kalma biyar na canza,
ɗaya na cire.
Ƙishi ya kama ni.
Randarmu tana can lungu, dab da tsohuwar rijiya
da aka rufe da kwano da dutse uku.

Na kwana da ƙishina.