Kunun Tsakar Dare a Manchesta

Allon ya sake launi, ya ce sai gobe.
Dusar ƙanƙara ta kwanta a titin jirgi
kamar garin rogon da aka shanya ana jiran rana,
ranar Manchesta kuwa ba ta cika alkawari.

Daga ni sai Zulaihatu, shekara biyu ba wata uku,
da akwatin da taya ɗaya ta gurgunce masa tun daga Lidis,
da takardar cin abinci ta fam goma
wadda ma'aikaciya ta miƙo mini da hannu biyu
kamar mai yi mini ta'aziyya.

Sha ɗaya ta buga, shaguna suka fara sauke ƙyaure,
wannan ya yi hamma, wancan ya bi shi.
Guda ya rage, can ƙarshen baranda,
mai shayi da burodi mai sanyi cikin leda.
Na riƙa juya ledojin ina karanta bayansu
kamar mai neman sunansa a sakamakon jarrabawa.
Wannan da alade. Wannan ban gane ba.
Wannan kifin gwangwani ne da masara. To, shi.

Zulai ta dube shi, ta dube ni,
ta ce, "A'a."
Duk cikin kalmominta ita ce ta fi nuna.
Na ɓare mata ayaba, ƙwaya ɗaya tal,
a kuɗin da in kakarta ta ji a Gusau sai ta riƙe haɓa.
Ta gutsiri kaɗan, ta shafe kanta da saura.
Cokali ya faɗi sau uku,
sau uku na durƙusa kamar mai neman gafara.
Sai kuka.
Irin kukan da ke ta da baƙi daga kan benci
su leƙo ta ƙarƙashin riguna su ga ɗan wa.

Dattijuwar da ke bayan kanta ta fito tana goge hannu,
sunanta a ƙirji, Dorin.
Ba ta ce komai ba, ta jawo kujerar yara mai dogayen ƙafafu,
ta share ta, ta ɗaure Zulai kamar sirdi ya sami doki.

Nan na tuna ƙullin da uwarta ta cusa a aljihun jaka
da asuba, kafin ta wuce asibiti aikin kwana:
garin kunun gyaɗa, da rubutu a jikin leda,
"Na san halinku ku biyu."

Na roƙi ruwan zafi. Na dama. Ya yi gudaji.
Dorin ta karɓe kofin, ta girgiza kai,
ta murza cokali da wuyan hannun da ya san aikinsa
har kunu ya kwanta sumul.
Ashe hannun kaka ba ya bukatar tafinta.

Zulai ta sha, ta miƙo baki, ta sake sha.
Ta tura wa Dorin cokali, wai ita ma.
Dorin ta lasa, ta lumshe ido,
ta ce nata jikan yana can wata uwa duniya,
ta waya kawai take ganin haƙoransa suna fitowa.
Kuɗin ruwan zafi, ta ce in bar shi.

Ƙarfe uku, injin goge daɓe yana kewaya mu yana gunaguni.
Zulai ta yi barci a kan kwat ɗina,
gashin bakinta na kunu bai bushe ba,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya Allah masani.

Waya ta yi motsi. Uwarta ce, a hutun minti goma.
"Ta ci?"
"Ta ci."
"Kai fa?"
Na dubi burodin da ɗan yatsa ya huda wuri biyar,
da ragowar kunun da ya daskare a gindin kofi.
Na ce, "Yanzu zan fara."