Jan Gwaggo Tsahara

Da safe a lakwal na rubuta a allo
abin da Turawan dā suka daɗe suna ja-in-ja a kai:
wai kalma tambari ce
da mutum ke buga wa abin da ke ransa,
zuciya kuwa farar takarda,
ido da kunne ke cika ta.
Yara suka kwafe. Ƙararrawa ta raba mu.

Da la'asar na ratsa Birni, ta tsakanin duwatsu,
na iske Gwaggo Tsahara a zaure tana ware fatu.
Tun haihuwa ba ta taɓa ganin rana ba.
Ta shafa ɗaya, ta kai hanci:
"Wannan ja ce. Aje ta can."
Ja ce kuwa.

Na ce, Gwaggo, mene ne ja a wurinki?
Ta ce, "Warin karan dafi da toka,
da ɗan kaushi wajen wuya.
Naka fa?"

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa.
Na ɗaga yatsa na nuna fatar,
sai na tuna wa nake nuna wa.

Baduku ya shigo, ya ce a ba shi ja uku.
Ta miƙa, ya biya, ba gardama.
Kalma ɗaya, kaya biyu,
mangala a bayan jaki,
kuma ta kai kowa gida.

"Gobe ka tambayi Turawan naka,
su sun taɓa leƙa kan juna?"
Ta jawo wata fata. Ta sunsuna.