Ƙwallo Mai Siffar Gwanda

Ƙarfe biyun dare, Bagalam ta yi tsit,
sai karnuka da injin mai ƙanƙara.
Mu biyar ne a gindin bedi,
tele bisa tebur, gawayi ya yi ja.
Ni ke dafa shayi, don ba ni da ƙungiya,
kuma marar ƙungiya shi ke wanke kofi.

Arzika ya zuba rigarsa mai lamba hamsin da takwas,
ta sauko masa har gwiwa kamar ta aro.
Wansa ne ya aiko ta daga ƙetaren teku,
inda yake jan tirela, shekara tara bai ga gida ba.
Tun ranar da ta iso Arzika ya koma cewa "mu":
mun sayo sabon mai jifa, mun kori koci,
bana kofi namu ne, ko da tsiya ko da arziki.

"Wace irin balo ce wagga?" in ji Nomau,
wanda ya yi kokowa kafin gwiwa ta ci amanarsa.
"Abu kamar gwanda, a rungume shi kamar jinjiri,
a ruga taku huɗu, a faɗi, a tashi a yi shawara!
Sun kifa kwano a ka, sun cusa katifa a kafaɗa.
Ku ba ni ƙaton can mai ciki kamar rumbu,
ba laya, ba makaɗi,
in ɗanɗana mai ƙasar Maraɗi."

Tankari ya share rairayi, ya ja layi da tsinke.
"Tsoho, rikicin iyakar gona ne.
Sau huɗu za a ba ka, ka ci taku goma.
Ka ci, a ƙara maka. Ka kasa, maƙwabci ya shigo da garmarsa."
Nomau ya yi shiru, ya gyara zama.
Wannan kam ya san ta, ya sha ta da ɗan baffansa.

Jadi ba ya son kowa, alƙali kawai yake tsana.
Duk sa'ad da ƙyallen nan rawaya ya tashi sama
sai ya buga cinya: "An saye shi!
Manyan gasar sun gama rabonsu tun da rana,
mu ne wawayen da ke hana ido barci."
Amma bai taɓa fashin dare ɗaya ba.

Saura minti biyu, masu jar riga na bin maki uku,
mai jifa ya ja da baya, ya saki gwandar,
tana juyi, tana juyi a sama,
sai wuta ta ɗauke.

Duhu. Sauro. Ƙamshin na'ana'a.
Ba wanda ya zagi kowa, abin ya wuce zagi.
Jadi ya rantse an cafe, Tankari ya ce ta zube,
suka raba gardama kan abin da ba su gani ba.

Can wayar Arzika ta haska cikin aljihu.
Muka matso, kai bisa kai.
"Yaya, mun ci? An cafe ta?"
Muryar ta zo daga nesa, da kukan mota a bayanta:
"Ban kalla ba, ƙanena, ina bisa hanya.
Ni fa ban ma iya wasan ba, rigar ce ta yi araha.
Faɗa mini, an yi ruwa?
Gulbi ya kawo? Hatsin Inna ya fid da kai?"

Arzika ya tashi, ya koma bayan bedi,
rigar na jan iska, yana ba da labarin damina.
Na zuba na uku, mai zaƙin,
na ajiye nasa kusa da wuta.
Nomau ya kurɓa, ya ce, "Jibi ƙarfe nawa?"