Jarka Bakwai

Kafin gamzaki ya ɓuya nake tashi,
ba don ƙwazo ba:
sarƙar anka ce ke gurnani a ƙarƙashinmu
kamar tsoho mai cizon haƙora cikin barci.
Na taka ƙafar Waisea, na ba shi haƙuri,
ya ce ba komai, alhali bai ma farka ba.

Gidanmu taku goma sha ɗaya ne, goshi zuwa wutsiya.
Nan muke faɗa, nan muke shiryawa,
don wanda ya yi zuciya a nan, ina za shi?
Iyakarsa goshin jirgi,
ya zauna ya ba mu ƙeya
har ƙamshin shayi ya dawo da shi.

Risho na lilo, tukunya na rawa,
na ɗaure ta da waya kamar akuya mai ɓarna.
Rogon jiya, gwaza biyu,
da kifin da Isikeli ya kamo da fatsa,
wanda kullum ke ƙara tsawo a bakinsa.

Ruwa gabas, ruwa yamma,
ruwa har inda ido ya gaji,
amma jarka bakwai ce dukiyata,
biyar a ciki sun koma ganga.
Kofi ɗaya na kurkure baki, biyu na shayi.
Wanka kuwa teku ta ɗauki nauyinsa,
ta bar mana gishiri a gira, ladan aikinta.

Da hantsi iska ta yi sallama.
Muka ja igiya, filafili ya miƙe ya cika ciki,
har da facin buhun fulawa da na ɗinka masa,
rubutun kamfani a kife, yana kallon sama.

Mashigar Fulaga siririya ce, ba ta san wasa ba.
Isikeli ya ɗare jigo, yana karanta launin ruwa:
shuɗi, a wuce;
kore, a yi hattara;
in ya yi ja-ja, murjani ne ke wasa wuƙa.
Hagu, Baba! Hagu na ce!
Ɗan shekara tara na daka wa ubansa tsawa,
uban na bi, ko tari babu.
Ni kuwa sai da muka shige
na tuna ban ajiye numfashi ba.

Muka kai wa mai gari saiwar yaqona, gaisuwar baƙo.
Ya tafa hannu, ya ce ƙasa tamu ce.
Wata tsohuwa, Temalesi, ta karɓi allura da batir huɗu,
ta cika min kwando da gwanda da ayaba,
ta dube ni sama da ƙasa:
'Yar nan, ba kya marmarin ɗakin da ba ya motsi?
Na buɗe baki zan amsa,
sai ƙasar ta yi tangaɗi a ƙarƙashin sawuna.

La'asar sakaliya hadari ya haɗo.
Kowa ya san aikinsa, ba a kira sunan kowa ba.
Tamfol, mazurari, bokiti, har tukunyar rogo.
Jarka ta uku, ta huɗu,
ta bakwai ta yi amai!
Na kwance kitso, na tsaya tsakiyar ruwan Allah
ina dariya kamar wadda aka biya tsohon bashi.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo:
namu daidai littafin lissafin Isikeli ne.
Bai yi baƙin ciki ba.

Dare. Kaza da 'ya'yanta sun fito kiwo.
Can kudu maso yamma uwata na Kadavu,
ta rufe taga, ta ƙirga jikoki, ɗaya babu.
Na ce gobe mu juya wajenta.
Waisea ya lasa yatsa, ya ɗaga sama,
ya daɗe bai ce uffan ba.

Sarƙar anka ta soma gurnaninta.
Na kai ƙafa na taɓa jarkokin cikin duhu,
bakwai, babu mai amsawa.